Gida a Baya, Dutse a Gaba: Abubuwan Mamaki Daga Turbobin Tsaunuka

 Yau sawun mutanen nan za mu bi, masu cusa tanti da tukunya da bargo a jakar goyo, su nausa cikin tsaunuka a ƙasa, su yi wata da watanni ba su ga katifa ba. Ku gyara zama, ga abubuwan mamakin nan ɗaya bayan ɗaya.

Hanya da tsawonta

Turbar Apalachiya da ke gabashin Amurka ta kai kimanin kilomita 3,500, daga dutsen Springer a jihar Jojiya zuwa dutsen Katahdin a jihar Maine, ta ratsa jihohi 14. Mai son cinye ta a tashi ɗaya yakan yi wata biyar zuwa bakwai, kuma cikin mutum huɗu da suka ɗaura niyya, ɗaya ne kan ga ƙarshenta. Niyya kyauta ce, ƙafa ce ke biya.

Tsawon nata ma ba ya zama wuri ɗaya, domin kusan kowace shekara sai an karkatar da wani sashe don a kauce wa zaizayar ƙasa ko titin mota. Wanda ya gama bara da wanda ya gama bana ba su taka hanya ɗaya ba. Matafiyi na tafiya, hanya ma na tafiya.

Wuri mafi tudu a kanta bai wuce mita 2,025 ba, amma in aka tara hawan da ke cikinta kaf, ana lissafa shi da hawa dutsen Everest sau 16. Gwiwa ce ke riƙe da littafin bashin.

A yammacin ƙasar akwai turbar Pacific Crest mai kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, ga kuma ta uku mai bin gadon bayan tsaunukan Rocky. Wanda ya haɗa ukun ya taka kimanin kilomita 12,700. Irin wannan ba a ce masa ina gajiya, kujera ake miƙo masa.

Farin fenti ne jagoran turbar Apalachiya: ɗan zane mai faɗin santimita 5 da tsawon 15 a jikin itace ko dutse, kuma 'yan sa-kai ne ke bi suna sabunta shi. In ka ga shuɗi, reshe ne mai kai ka ruwa ko wurin kwana. Fari ka ci gaba, shuɗi ka cika gora.

Wuri mafi gangare a turbar duka yana cikin gidan namun daji na Bear Mountain a jihar New York, mita 38 kacal sama da teku, daf da kejin beyar. Ga matafiyi buɗu-buɗu da ƙura da ƙasumba yana ratsa 'yan kallo. Yara kan rasa wanda za su kalla.

A Neel Gap, kimanin kilomita 50 daga mafari, turbar ta bi ta tsakiyar wani ginin dutse, a ƙofarsa kuma ga itace cike da takalma an rataye su da igiyoyinsu. Wasu sabon takalmi suka saya, wasu kuma daga nan suka nemi motar gida. Itacen ba ya tona asirin kowa.

A jihar Maine akwai wani kwazazzabo, Mahoosuc Notch, tsawonsa mil guda ne, amma cike yake da duwatsu manya-manya da sai an cire jaka an tura ta gaba, a bi ta da rarrafe. Mil ɗin nan kan ci awa biyu ko uku, kuma ko da bazara akan tarar da ƙanƙara a ramukansa. Gajere ba yaro ba ne.

Kogin Kennebec yakan cika farat ɗaya idan aka saki ruwan madatsar da ke sama, don haka aka ajiye mai kwalekwale yana haye da matafiya kyauta. An shafa farin fentin nan a cikin kwalekwalen, don kada wani ya ce ka bar hanya. Kana zaune, kana kan turba.

A jihar Wyoming akwai rafin da ke rabuwa biyu a gaban idonka: reshe ɗaya ya yi tafiyar sama da kilomita 5,600 zuwa tekun Atlantika, ɗayan ya yi sama da 2,100 zuwa Pasifik. Ganye biyu da suka faɗo daga itace ɗaya sai su ƙare a tekuna biyu. Kowa da inda rabonsa yake.

A Suwizalan, allunan hanya masu ruwan ɗorawa ba sa gaya maka kilomita nawa ya rage, awa da minti suke rubutawa, don hawa da sauka ba ɗaya ba ne. Lokacin tsayawa shan ruwa da ɗaukar hoto ba ya cikin lissafi. Allo ya ce awa biyu, huhu ya ce a sake shawara.

Kaya da ciki

Akwai matafiyan da ke gutsure mariƙin buroshin haƙori, su yanke takardar da ke wuyan riga, su auna cokali a kan sikeli kafin su fita. Giram goma ba komai ba ne a ɗaki, amma a taku miliyan biyar sai ya yi magana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, shi ya sa ruwa ne kayan da aka fi so kuma aka fi jin nauyinsa. A hamadar Mojave ta Kalifoniya matafiya kan yi tafiyar dare a kan binnanniyar hanyar ruwan da ke shayar da birnin Los Angeles, ƙishi na cinsu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mai doguwar tafiya yakan ƙone kalori 4,000 zuwa 6,000 a wuni, abin da ba ya iya ɗaukowa a baya. Shi ya sa ake tsiyaya man zaitun a kan komai, a sha niƙaƙƙiyar gyaɗa da cokali, don mai ya fi kowane abinci ƙarfi a ɗan nauyi kaɗan. Duk da haka wando sai ya nemi sabuwar huda a bel.

A tsakiyar turbar Apalachiya, a Pine Grove Furnace ta jihar Pennsylvania, al'ada ce matafiyi ya zauna ya shanye rabin galan na askirim, kusan lita biyu, a zama ɗaya. Tukuicin wanda ya gama ɗan cokalin katako ne. Kuma haka ake adana shi har a nuna wa jikoki.

Inda ba gari ba kasuwa, mutum kan aika wa kansa abinci ta gidan waya tun makonni kafin ya iso, a tsaunukan Sierra Nevada ma cikin bokitin roba ake rufe shi saboda ɓera da laima. Ka iso da yunwa, ka ga rubutun hannunka yana jiranka. Zuwa da kai ya fi saƙo, amma a nan saƙon ne ke riga ka.

Takalmi huɗu ko biyar doguwar turba kan ci kafin a gama ta, ƙafa kuma kan baje ta ƙara lamba ɗaya ko fiye. Wasu in sun dawo gida sai su tarar duk takalmansu na da sun yi musu kaɗan. Ƙanne su sha gado.

Rigar auduga ba ta da farin jini a kan dutse, domin in ta jiƙe da gumi ko ruwan sama ba ta bushewa da wuri, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Ulu kuwa ko ya jiƙe yana riƙe zafi. Tunkiya ta san abin da take sawa.

In dare ya yi sanyi, matafiyi kan kwana rungume da matatar ruwansa da batirin waya a cikin jakar barci. Ruwan da ya daskare a cikin matata yakan fasa ta ta ciki ba a gani, batir kuma sanyi kan shanye shi. Abokan kwana ke nan, ba minshari ba juyi.

Bayan makonni ba wanka, hancin matafiyi kan daina jin tsamin jikinsa, amma ya riƙa jiyo ƙanshin sabulun masu yawon wuni ɗaya tun kafin su ɓullo kwana. Da ya ji haka ya san titin mota na kusa. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

A shekarar 1898, lokacin rububin zinaren Klondike, 'yan sandan Kanada ba sa barin kowa ya haye mashigin Chilkoot sai da guzurin shekara guda, kimanin tan ɗaya. Haka mutum zai yi ta kai da komo da ƙunshi ɗaya-ɗaya a kan turba mai kilomita 53 har ya kwashe. Masu yanke buroshi, ku ji fa.

A 1955 wata tsohuwa daga jihar Ohio, 'yar shekara 67, uwar 'ya'ya 11, ta taka turbar Apalachiya ita kaɗai da takalmin kambas, da buhun da ta ɗinka da hannunta, da labulen banɗaki a matsayin rigar ruwa. Shekara biyu bayan nan ta sake komawa ta maimaita. Kaka ta gama magana.

A 1990 kuma wani makaho ya yi ta daga farko har ƙarshe cikin wata takwas, shi da karensa mai yi masa jagora. Ya sha faɗuwa, ya sha tashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu gida

Beyar, dabbar nan mai gashi da hancin da ke jiyo abinci daga nesa, ita ta sa a tsaunukan Sierra dole ka zuba guzurinka har da man goge baki a wani gwangwani mai murfin da sai da dabara. Sai ga wata macen beyar a tsaunukan Adirondack ta gano yadda ake buɗe wani samfurinsa, har aka koma aka sake masa fasali. Gaba da gabanta.

A Jafan matafiya kan rataya 'yar ƙararrawa a jaka don beyar ya ji tafiyarsu ya kauce, tunda ba ya son a yi masa ba-zata. Ranar hutu sai ka ji dutse gaba ɗaya ya ɗauki kilin-kilin. Sallama ce, da harshen ƙarfe.

Rumfunan kwana masu bango uku da ke turbar Apalachiya sun haura 250, kuma kusan kowace da ɓerayenta. Shi ya sa za ka ga igiyoyi na reto daga rufi, kowace da kifaffen gwangwanin kifi a tsakiya don ya tare ɓera kafin ya kai ga jakar abinci. Wasu ɓerayen sun daɗe da kammala wannan aji.

A kwarin Mineral King na Kalifoniya, wani ƙaton kuregen dutse mai suna mamot yakan shige ƙarƙashin mota ya ciccije tiyon lagireto da wayoyi. Don haka kafin ka shiga daji sai ka naɗe motarka da tamfol tun daga ƙasa. Mota da zane, mai ita da gajeren wando.

A tsaunukan Bugaboo na Kanada beguwa ce ke wannan aiki, tana cin taya da tiyon birki, sai an kewaye mota da ragar waya an danne da duwatsu. Takalmin da aka bari a waje da mariƙin sanda mai gumi ma ba su tsira ba. Gishiri take nema, ba rigima ba.

Awakin dutse na tsaunukan Olympic a jihar Washington sun kamu da son gishirin fitsarin mutane, har suka riƙa bin matafiya a baya. Daga 2018 zuwa 2020 an kwashe ɗaruruwansu da jirgi mai saukar ungulu, an rufe musu ido, suna reto a igiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, wani sa'in har da tikitin jirgi.

A tudun Grayson na jihar Virginia akwai ƙurun dawaki masu yawo sakaka, kuma da ka tsaya za su matso su hau lasar ƙwaurinka. Gumin wuni guda ne ya jawo maka farin jini. Kada ka ɗauka kyawunka ne.

A tsibirin kudu na New Zealand akwai kiya, akun da ke zama a yankin ƙanƙara, mai ƙugiyar baki da son bincike. Yakan zare igiyar takalmi, ya huda tanti, ya ɓanɓare robar gilashin mota yana kallonka. Wannan aku ba ya maimaita magana, aiki yake.

A turbar Overland ta tsibirin Tasmaniya, wani baƙin tsuntsu mai kama da hankaka ya koyi jan zif ɗin jaka. Da ka ajiye kaya ka hau wani ɗan dutse kallo, sai ka dawo ka tarar an zazzage aljihu an tafi da biskit. Ba a bar ko rasit ba.

A tsaunukan Sikotilan ba zaki ba kura, sai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke tasowa dubbai in iska ta kwanta, har su bi ta ramin gidan sauro na yau da kullum. Ƙato da gemunsa sai ka gan shi ya rufe kai da raga yana shan shayi ta ƙarƙashi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A Nefal da damina, matsattsaku kan tsaya a bakin ganye suna miƙa wuya, su shige ta ramin igiyar takalmi ba ka ji ba. Sai da yamma ka cire safa ka ga jini. Shi ya sa ƙullin gishiri ke da daraja a aljihu.

In ayarin yak, shanun nan na Himalaya masu gashi har ƙasa, ya tunkaro ka a siririyar hanya, ka manne ta ɓangaren dutse, kada ka tsaya ta bakin rami. Kayan da ke bayansa sun fi shi faɗi, kuma shi bai sani ba. Mai ƙaho ke da hanya.

Wani tsuntsu a tsaunukan yammacin Amurka yakan binne dubun-dubatar ƙwayar itacen fain kafin hunturu, ya kuma tuna mafi yawan wuraren ko da dusar ƙanƙara ta rufe su. Waɗanda ya manta su ke tsirowa su zama kurmi. Mantuwar wani, inuwar wani.

Sama da halinta

Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Ka baro gindin dutse kana fifita, ka kai sama kana neman safar hannu. Bazara da hunturu a wuni ɗaya.

A tsayin mita 5,000 ruwa kan tafasa tun yana digiri 83 ko kusa da haka, saboda iska ta yi sauƙi. Tukunya na ta ɓararraka, shinkafa na nan da ranta. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, balle a kan dutsen.

Da an wuce mita 3,000, ƙa'ida ita ce kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 300 zuwa 500, in kuwa ciwon kai da amai suka tsananta, magani shi ne sauka. Ciwon tudu ba ruwansa da ƙwanji, yakan kayar da ɗan wasa ya bar dattijo. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Rafin da narkewar ƙanƙara ke ciyarwa da sassafe ake haye shi, domin rana na yi yana ƙaruwa, wanda ya tsaya a gwiwa da asuba sai ya kai ƙugu da la'asar. Kafin ka shiga kuma ka kwance ɗamarar jaka, don in ka faɗi ka iya yar da ita. Kaya a sake saya, rai babu a kasuwa.

A tsaunukan Colorado hadarin bazara kusan kullum da rana tsaka yake haɗuwa, don haka masu hankali kan bar ƙololuwa kafin azahar. In ka ji gashinka ya miƙe, ƙarfen jakarka na zuza, aradu ce ke sallama. Ba a tsayawa amsawa.

A kan dutsen Washington na jihar New Hampshire, wanda turbar Apalachiya ta bi ta kansa, an auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a 1934. Akwai ginin da aka ɗaure da sarƙoƙi a can don kada ya tashi. Inda aka ɗaure ɗaki, ka riƙe hularka.

In rana na bayanka, hazo na gabanka a kan tsauni, kana iya ganin wani ƙaton mutum a cikin gajimare da bakan gizo kewaye da kansa. Inuwarka ce, kuma an fi sanin abin da dutsen Brocken na Jamus. Ɗaga masa hannu, zai rama.

Wani lokaci dusar ƙanƙarar tsauni kan koma ja-ja, har da ɗan ƙanshin kankana, saboda wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ke rayuwa a cikinta. Takalmi da bakin wando duk sai su rine. A kalla, a sansana, kada a lasa.

An gwada a wani kurmin Jamus: mutanen da aka saki ba taswira, in rana ta ɓuya a gajimare, sai su yi ta zagaye suna komowa inda suka baro, alhali sun rantse miƙe suke tafiya. Shi ya sa kamfas ke da gurbi a jaka ko da waya na aljihu. Ƙafa ma takan yi son kai.

Namu na Afirka

A tsaunukan Drakensberg, tsakanin Afirka ta Kudu da Lesoto, akwai tafiyar sama da kilomita 200 da ba fenti ba allo, kuma da tsanin sarƙa a jikin miƙaƙƙen dutse ake fara ta. A sama kogin Tugela ke zubowa mita 948. Wasa farin girki.

Lesoto kuwa ko'ina a cikinta ya haura mita 1,000 sama da teku, ba ƙasar da ta yi haka sai ita. Matafiyi na haki da jakarsa ta zamani, sai makiyayi ya wuce shi lulluɓe da bargo da dogon takalmin roba yana fito. Da ɗan gari akan ci gari.

A tsaunukan Simiyen na Habasha akwai birin jelada, mai jan tabo a ƙirji, da ke wuni zaune yana tsinkar ciyawa yana ci, garke guda. Da dare sai su gangara jikin miƙaƙƙen dutse su kwana inda damisa ba ta iya binsu cikin sauƙi. Biri mai kiwo, ba ya neman gonar kowa.

Tsaunukan Ruwenzori, a iyakar Yuganda da Kwango, suna daf da tsakiyar duniya amma da ƙanƙara a ƙololuwarsu mai mita 5,109. Kafin ka kai can sai ka yi kwanaki kana tsalle daga tushen ciyawa zuwa wani a cikin taɓo, da takalmin roba har gwiwa. Wanda ya kuskure taku ya gaisa da laka.

Ba a barin ka shiga kwazazzabon Kogin Fish na Namibiya sai da takardar likita, kuma daga Mayu zuwa tsakiyar Satumba kawai ake buɗe shi, saboda zafi da ambaliya. In ka sauka, hanyoyin fita kaɗan ne. Asibiti tukuna, sannan jaka.

Dutse mafi tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi, mita 2,419, a jihar Taraba kan iyakar Kamaru, kuma tafiyar kwanaki ce a ƙasa ta cikin tudun ciyawa da rugagen Fulani. A Nijar kuwa ƙololuwar tana tudun Bagzan cikin tsaunukan Abzin, mita 2,022, inda ƙauyuka da lambuna ke sama, jaki ke kai musu kaya. Mai son gwaji ba sai ya nemi biza ba.

Al'ada da amana

A dogayen turbobin Amurka kusan kowa da laƙabinsa na hanya, kuma bisa al'ada abokan tafiya ne ke raɗa maka, daga wata ɓaranɓarama ko wani hali naka. Mutum biyu sai su yi wata uku suna cin tukunya ɗaya ba wanda ya san sunan yankan ɗan'uwansa. Ka ƙone shinkafa sau ɗaya, ka amsa ta har Kanada.

Dutsen Kailash na Tibet ba a hawansa, kewaya shi ake, kilomita 52, yawanci cikin kwana uku. Wasu masu ziyarar ibada kan auna hanyar da tsawon jikinsu, su kwanta su tashi, su yi makonni a kai. Kowa da abin da ya fito da shi daga gida.

A masaukan tsaunin Nefal, in ka sayi shinkafa da miyar wake ta gargajiya, ƙari kyauta ne har sai ka ɗaga hannu. Sauran kaya kuwa kuɗinsu na hawa yadda hanya ke hawa, don a bayan mutum ko dabba suka iso. Ka tuna da ɗan dako kafin ka yi ciniki.

A Feru akwai gadar ciyawa a kan kogin Apurimac, ragowar hanyoyin daular Inka, wadda ƙauyuka huɗu ke taruwa kowane watan Yuni su tufka sabuwa cikin kwana uku. Tsohuwar sai a yanke ta ta faɗa ruwa ta ruɓe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle gada.

In bayan gida ya kama ka a daji, ƙa'ida ita ce rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, taku 70 nesa da ruwa, a rufe a baje. A dutsen Whitney na Kalifoniya, inda ƙasa ba ta haƙuwa, jaka ta musamman ake ba ka ka sauko da abinka. Na ƙasa da kai ma ruwan nan zai sha.

A tsaunukan Alps alamar neman agaji busa shida ce ta usur cikin minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a maimaita. Wanda ya ji sai ya amsa da uku, ya nufo ka ko bai san ka ba. Usur ba ya cin batir.

Akwai mutanen gari da ke ajiye lemo mai sanyi da 'ya'yan itace a inda turba ta ratsa titi, ko su ɗauki matafiyi a mota zuwa kasuwa, ko su ba shi wurin wanka. Da yawansu sun taɓa yin tafiyar, wani ya yi musu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A masaukan matafiya akwai akwatin da kowa ke zuba abin da ya gundure shi ko ya yi masa nauyi, kowa kuma ya ɗauki abin da yake buƙata ba tare da biya ba. Garin da ya isar wa wani shi ne liyafar na bayansa. Abin nema ya samu.

A Sikotilan akwai tsofaffin ɗakunan makiyaya wajen 100 da 'yan sa-kai ke gyarawa, ba kwaɗo ba kuɗi, sai shebur a bayan ƙofa. Dokarsu ita ce ba a cewa ɗaki ya cika, kuma mai tafiya ya bar busasshen itace ga mai zuwa. Ka tarar da wuta, ka bar makamashi.

A turbar Kungsleden ta arewacin Suwidin, mai kimanin kilomita 440, akwai tafkunan da ake haye su da kwalekwalen da aka bari a gaɓa, da sharaɗin kowace gaɓa a bar mata aƙalla ɗaya. In ɗaya ka tarar, sai ka tuƙa ka haye, ka jawo wani ka kawo, ka sake komawa: tuƙi uku don mutumin da ba za ka taɓa gani ba. Kuma ba mai gadi, ana yi.

A Norwe akwai ɗakunan tsauni masu ɗakin ajiya cike da abincin gwangwani, ba mai tsaro ba mai karɓar kuɗi. Ka ci, ka kwana, ka rubuta abin da ka taɓa, ka biya da kanka, kuma shekara da shekaru tsarin na tafiya. A duk abubuwan da muka jero yau, wannan ya fi ba mu mamaki kuma ya fi faranta mana rai: a inda ba idon kowa, amana ce ke ciyar da baƙo. Wanda ya riƙe ta, a ba shi hanya ya wuce gaba.